Ganyen Dawa a Gefen Allo

Ranar wata Asabar ce cikin watan Yuli, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Mu huɗu ne a ɗakin Baba. Shi yana kan gado, an jingina shi da matasai biyu. Inna tana bakin ƙofa tana tsince wake a faifai. Yayana, wanda gonakin gida ke hannunsa, yana tsugune da ƙasar gona har ƙwauri. Sai ni, da na zo daga Kano hutun ƙarshen mako. A kan tebur, daura da gadon, akwai allon kwamfuta mai faɗi, a jikinsa hoton gonarmu ta jigawa, kore shar daga wannan kusurwa zuwa waccan. A kan wannan koren ake gardama.

Shekarar da ta gabaci wannan, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba. Bakinsa ya dawo, hankalinsa da ma bai je ko'ina ba, amma ƙafar hagu ta ƙi. Mutumin da ya saba zagaye gonarsa kafin hantsi ya koma sai dai a ba shi labarinta. Shi kuwa bai cika yarda da labari ba. Ni da nake karanta labarai a gidan rediyo na fi kowa shan wannan. Yakan ce, "Ku da kuke zaune cikin ɗaki mai sanyi kuna faɗa mana an yi ruwa a Ɗanbatta."

Na fara da nuna masa hotunan gonar a waya. Ya riƙe ta nesa, ya matso da ita kusa, ya karkatar da ita, sannan ya miƙo mini. "Wannan tafin hannu ne, ɗan rediyo, ba gona ba."

Bayan aikin rediyo nakan ɗauki hotunan biki da suna, in gyara su a kwamfuta, kuma na daɗe ina son allo babba. Sai na ga lokaci ya yi. A shagon da na je a Kano, mai shagon ya kunna mini wani allo mai lanƙwasa, ya sa wasan tseren mota, ya ce in duba yadda hoton ke gudu ba ya yankewa. Gaskiya ya faɗa. Kusa da shi akwai wani miƙaƙƙe, faɗinsu ɗaya, sai dai bai kai shi sheƙi ba. Na roƙe shi ya sa hoto ɗaya a jikin duka biyun, na koma can gefe na durƙusa, daidai tsayin kan mutumin da ke kwance. Daga nan mai lanƙwasar ya dusashe, fuskar mutumin da ke cikin hoton ta yi toka-toka. Miƙaƙƙen bai sauya ba.

"Alhaji, ai daga gaba ake kallonsa," in ji mai shagon.

Na ce, "Mai kallon ba zai iya zuwa gaban ba."

Na tambayi wutar da yake ci, domin sola ce ƙarama a gida, na ga za ta ɗauke shi. A motar haya a kan cinyata na riƙo shi har ƙauye, direba yana tambayata ko jariri ne a cikin kwalin.

Gonar jigawa doguwa ce, ta miƙe daga bakin hanya har gindin gawo. Hoto ɗaya ba ya ɗaukarta. Sai in ɗauki uku a jere, in haɗa su su zama ɗaya, ya cika allon daga gefe zuwa gefe. Ranar da Baba ya fara ganin wannan, ya ƙura wa allon ido. Daga baya ya nemi sandarsa, ya nuna da bakinta: "Matso mini da gamban can." Na matso da shi. Ya ce an bar akuyar wani ta ci iyaka. Tun daga ranar ya sa wa allon suna taga. Na bar musu tsohuwar kwamfutata da kyamara, na koya wa Yaya ɗauka da sakawa, ni kuma in na zo in yi na haɗawa. Mulkin gona ya koma hannun Baba. Shi ke faɗin ranar da za a shiga noma, da inda za a fara, Yaya yana cewa to.

Akwai wasan ƙwallo a cikin kwamfutar, wanda nake yi in na gaji da gyaran hotuna. Da farko Yaya ya ce wannan aikin marasa aikin yi ne. Mako biyu bayan nan na zo na tarar da shi, mutum mai furfura a gemu, a zaune a ƙasa tsakanin magariba da isha'i, ya cije leɓe yana danne-danne. Baba yana daga kan gado yana ba da umarni: "Ba wa na gefen can! Kai, wannan mai jar rigar ba ya jin magana, a cire shi." Inna takan leƙo ta ce Allah ya shirya tsofaffi. Ban taɓa jin Baba da Yaya suna dariya tare haka ba. Yaya ɗan fari ne, Baba ko sunansa ba ya kamawa, sai dai ya ce "kai" ko "wancan". Hirarsu duk ta gona ce, a taƙaice.

To, ga abin da ya kawo gardamar ranar Asabar. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya kwana da kwanaki, Yaya ya ce ruwan ya wanke takin jigawa, dawa ta fara rawaya, yana so a buɗe buhun takin zamanin da ya rage. Buhun yana ɗakin ajiya, mabuɗin yana ƙarƙashin matashin Baba. Baba ya tanade shi ne saboda gonar kwari. Ya dubi taga, ya ga kore, ya ce ba za a taɓa shi ba.

"Baba, daga can nake. Ga ƙasarta a ƙafata."

"Ni ma ga ta nan a gabana. Ina rawayar?"

"A ido ba haka take ba."

"Wato idona ne ya mutu tare da ƙafar?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin ya musa wa Baba ba, kuma na ga maganar ta shige shi. Idan ya yi shiru, dawa za ta tsumbure. Idan ya nace, ya zama ya ce wa mahaifinsa gonar ta fi ƙarfinsa ke nan. Baba ma ya san da haka, shi ya sa muryarsa ta yi kauri.

Inna ba ta ɗago daga faifai ba ta ce, "Yaron nan, hau babur ka tsinko masa ganyen mana. Kun cika mini kunne."

Yaya ya tafi ya dawo da ganyen dawa guda, dogo, gefensa ya yi ruwan ɗorawa. Baba ya juya shi a hannunsa mai lafiya. "Wanda ya fi lalacewa ka zaɓo. Ko ni aka aika, da shi zan zaɓo."

A nan wani abu ya faɗo mini. Na karɓi ganyen, na kai shi bakin ƙofa inda haske yake, na ɗauke shi hoto, na saka a allon. Sannan na mayar wa Baba ganyen, na ce ya ɗaga shi kusa da tagarsa. A hannunsa ganye ne mai yunwa. A jikin allon kuwa kore ne fatau, kamar an shafa masa mai. Ganye ɗaya, har da ɗan ramin da tsutsa ta ci.

Na shiga saitin allon. An mayar da shi tsarin wasa, an kuma ƙure launin har ƙarshe. Na juya na dubi Yaya. Ya shafa ƙeya.

"Ciyawar filin ƙwallon ce na ga ta yi fari-fari," in ji shi, "sai na ɗan ƙara mata."

"Yaushe?" in ji Baba.

"An kusa mako uku."

Na yi tsammanin dariya, amma Baba bai yi ba tukuna. Ya dubi allon, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. A hankali ya ce, "Ba dai lallashina ake yi ba? A nuna wa tsoho kore ya yi barci?"

Yaya ya matso har bakin gadon. "Wallahi Baba ban san ya shafi gona ba. Da lallashi nake, da zan zo ina roƙonka taki?"

Baba ya auna maganar. Sai ya ɗaga ganyen, ya kara shi da gefen allon, ya ce da ni, "Ɗan rediyo, gyara. Ni zan faɗa maka inda za ka tsaya."

Na fara rage launin. "Rage. Ƙara ragewa. Ka wuce, dawo kaɗan. Hasken ma ya yi yawa, ganyena ba ya ƙyalli." Na bi shi daki-daki. A wajen aikina akwai masu na'ura ta musamman da suke daidaita allo da ita, ni ban taɓa mallakarta ba. Ranar nan, da ganyen dawa da idon Baba aka daidaita nawa. Da ya ce "tsaya", na hannu da na allo ba su da bambanci.

Sannan na buɗe hoton gonar. Daga bakin hanya har tsakiya ta yi rawaya, sai wajen gindin gawo ne take da sauran kore. Baba ya bi ta da sanda daga wannan gefe zuwa wancan, sau biyu. Ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya ciro mabuɗin, amma bai miƙa nan take ba.

"Rabi za a zuba, rabi na kwari ne. A fara daga bakin hanya. Kada a kai gindin gawo, can ba ta bukata. Kuma a jira ƙasa ta yi laima, kada a zuba mini a busasshiya."

"To, Baba."

Ya miƙa masa. Sannan ya juya wajen Inna, kamar Yaya ba ya ɗakin, ya ce, "Wancan gaskiya ya faɗa."

"Da ma ai ba ya ƙarya," in ji Inna, "ƙwallo ce dai ta lalata shi."

A nan ne Baba ya yi dariyar, har da tari, ya ce manomin da ya zuba wa filin ƙwallo taki ya bar gonar ubansa, sai a gidan nan ake samunsa. Yaya ya fita da mabuɗin yana murmushi.

Kafin in koma Kano na ajiye wa allon saiti biyu, na gona da na wasa, na nuna wa Baba maɓallin da ke sauya su, domin bakin sandarsa yana kaiwa. An yi yayyafi ranar Litinin da safe, aka zuba takin da hantsi. Dawa ta farfaɗo, in ban da kunya biyu na bakin hanya, waɗanda aka yanka wa dabbobi.