Masu Rai Kaɗai Aka Ce Su Auna

Ina tsakar gida ina tsince shinkafa sai ga sallamar 'yan mata biyu, ma'aikatan lafiya, riƙe da sikeli. Wai zagaye suke yi nan Rigasa suna auna matasa, don a san irin kulawar da za a tanadar musu a asibiti.

Na shimfiɗa musu tabarma. Na ce da ina da Fa'iza, shekararta goma sha biyar, sikila ce ajalinta bayan ƙaramar sallah. Na faɗa musu yadda aka yi ta yawo da mu: ɗakin yara suka ce ta girma, ɗakin manya suka ce yarinya ce. A kan benci ta cika, kanta a cinyata.

Ɗayar ta sunkuyar da kai.

"Allah ya jiƙanta, Mama. Amma masu rai kaɗai aka ce mu auna."

"To 'yata, in kun tsallake waɗanda suka mutu, ai komawa za ku yi ku ce kowa lafiya lau."

Ban ga laifinta ba, aiko ta aka yi. Waɗanda suka aiko ta nake jin haushinsu.

Jama'a, in ba a saurari mu da muka rasa 'ya'yanmu ba, a bakin wa za a ji inda gyaran yake? Ku faɗa min, ko ni ce ban gane aikin ba.