Sinasir ɗin Indiyawa a Al Qusais

"Ɗauke min wannan," in ji Hajiya mahaifiyata, ta ture abincin otal.

Tun da na kawo ta Dubai ganin likita, shayi kawai take sha, ga magunguna masu ƙarfi. Hankalina ya tashi.

Jiya na lallaɓa ta muka shiga gidan abincin Indiyawa a unguwar Al Qusais. Aka kawo wani farin abu mai faɗi, mai ɗan tsamin ƙullun shinkafa, da miya mai yaji.

Ta sunsuna, ta gutsura, ta ɗago ta dube ni.

"Ke Bilki, wannan ai sinasir ne! Wa ya koya musu?"

"Allah masani, Hajiya."

"To ce ya ƙaro biyu."

Wallahi kallonta kawai na yi na ƙoshi. Ku wane abinci ya taɓa fitar da ku kunya a ƙasar mutane?