Sawun Tabkinmu

Tun kafin Faransawa su zo, lokacin da Dakoro ba ta wuce rijiya da bukkokin makiyaya ba, wani ayari ya sauka kusa da tabkinmu a ƙarshen damina. Cikinsu akwai Bature guda da tafintansa Buzu. Kowa ya noƙe, ni sarkin shisshigi na ba su masauki.

Na ɗauka shanu yake nema. Ashe ciyawa ce ta kawo shi, wata mai ganye huɗu da ke kwance bisa ruwa, wadda ko akuya sai ta rasa abin yi take kula ta. Tafinta ya ce ba ta fure, ba ta iri, kuma wata babbar makaranta a ƙasarsu tana tara ta a bushe, malamai masu gemu su zauna suna kallo. Mu nan jaki muke tara wa busasshiyar ciyawa, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ya tattare wando ya shiga ruwa, ya tumɓuko ta har da lakar gindinta, ya shimfiɗa tsakanin takardu, ya danne da katako. Ya sa aka tambaye ni sunanta da sunan tabkin. Na faɗa, ya rubuta, ni kuwa sai washe baki nake.

Kawuna, babban zangonmu, ya ja ni gefe.

"Kai, mi boka ka biɗa in za shi ɗauki sawun mutum ya yi mai sammu?"

"Ƙasar sawun da sunan mai shi, Kawu."

"To, wanga ya ɗebi laka, kai ka ba shi suna. Ran da tabkin nan ya ƙahe, ka san inda dare ya yi maka."

Na yi dariyar yaƙe. A zangon nan aka haife ni, nan aka binne mahaifina, ban san wani gida ba. Bature ya wuce da ciyawarsa, ya bar ni kullum ina zuwa duba bakin ruwa kamar mai jinya.

Da bazara tabki ya ƙafe ƙaf, yadda yake yi kowace shekara tun zamanin kakanni. Mutanen da suka sha tonon ruwa a tsakiyarsa da hannunsu suka rantse ba su taɓa ganin ƙasansa ba. Aka ɗora mini laifi, dole na kora shanuna kudu, ina tafe ina kuka, da gemuna.

Damina ta faɗi, tabki ya cika. Kawu ya aiko a gaya mini sun gode Allah, tafiyata ta karya sammun, kada in kuskura in dawo in ɓata musu.