Layin da Na Goge wa Auwalu

Wallahi tallahi abin nan a kaina ya faru, ba a majalisa na tsinto shi ba. Shekarun baya ina aiki a wani ƙaramin kamfanin haɗa manhajar waya a Nassarawa GRA, gida ne aka mayar ofis, falon Alhaji mai kamfanin shi ne ɗakin aikinmu. Ni ne babba, da digirina da komai, sai aka ɗauko wani Auwalu daga Tudun Murtala wanda a waya ya koyi aikin, ko takardar kirki ba shi da ita. Wata uku kacal Alhaji ya ce shi zai jagoranci manhajar wani asibiti, kuma shi zai gwada ta a gaban masu asibitin ranar Alhamis. Ba zan yi muku ƙarya ba, hassada ta ci ni, ko dariyarsa na ji sai zuciyata ta hau tafarfasa.

To, muna da wata 'yar manhaja da muke kira Likita, ita ke duba ko kayan haɗin da aiki yake buƙata suna cikin kwamfutarka, in ta gan su ta nuna kore, in ba ta gani ba ta nuna ja, kuma da ja aiki ba ya tashi. Akwai layi ɗaya tak a wani fayil da yake nuna mata hanyar inda kayan suke. Ranar Laraba da aka fita sallar azahar na ce su yi gaba zan sake alwala, Allah Ya yafe mini, na zauna a kujerar Auwalu na goge masa layin nan a kwamfutarsa, na adana, na bi sahu kamar mutumin kirki.

Alhamis da safe har da sabuwar hula na zo kallon kunya. Auwalu ya kunna kwamfutarsa, Likita ta nuna kore daga sama har ƙasa! Ya gwada aikinsa lafiya lau, ana ta sa masa albarka, ni kuwa ina yaƙe. Da na koma teburina na buɗe tawa, sai ja, wai ba ta ga kayan haɗin ba, kayan da na fi shekara ina aiki da su. Na sauke su na sake sakawa, na kashe na kunna, ja. Na leƙa fayil ɗin nan, layin babu. Na rubuta shi na adana, na rufe na buɗe, ya sake ɓacewa, haka na yi ta fama har la'asar, ga sanyin esi a ɗakin amma rigata ta jiƙe sharkaf da gumi.

Sai ga Auwalu a kaina, "Oga, in duba maka?" Kai, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ya rubuta layin nan dai da nake ta rubutawa, harafi ɗaya bai canza ba, sai kore. Ya duba tarihin fayil ɗin ya ce, "Oga, wannan fa da hannu aka goge shi, jiya da azahar muna masallaci. Wa ka bar wa kwamfutarka?"

Jama'a, ranar Laraba kwamfutata tana gida a Giginyu, a kashe, cikin jaka, ɗakin a kulle, makullin a aljihuna, don cajarta ta ƙone ban ma zo da ita ba, sai ranar Alhamis da na samu wata cajar. Na ce masa ban sani ba.

Na tambayi waɗanda suka fi ni sanin aikin, kowa da abin da yake cewa, babu wanda ya gamsar da ni. Kwamfuta uku na canza tun daga nan, kuma kowace sabuwa sai layin nan ya ɓace mini aƙalla sau ɗaya, da rana tsaka. Auwalu har yau yana kira ya gaishe ni da sallah, ni kuma har yau na kasa faɗa masa. Don haka ɗan'uwa, in ka saka kaya manhaja ta ce ba ta gan su ba, duba hanyar da ka nuna mata, ka rufe ka buɗe. In ta ƙi, zauna ka tuna wa ka toshe wa tasa.