Ɗakin da Baba ya gina a Makera

A makaranta an koya mana cewa accession na nufin hawan gadon sarauta. Na haddace, na ci jarrabawa, na manta. Ban taɓa zaton kalmar za ta biyo mu har gida ba.

Haya muke yi a Makera, dukanmu cunkushe a ɗaki ɗaya. Da aka rufe masaƙar da Baba ke aiki a Kakuri, mai gidan, wani dattijo mai tausayi, ya nuna masa fili a bayan gida, ya ce ya kafa abin da zai iya mu ɗan sarara. Maƙwabta suka ce ya buga na katako da kwano kamar kowa. Ina! Baba ya ce 'ya'yansa ba kaji ba ne. Da hannunsa ya buga bulo, mu muka yi ta jidar yashi, Mama na ɗebo ruwa har wuyanta ya sage.

Dattijon ya rasu, ɗansa ya gaji gidan, ya ce mu tashi. Na raka Baba wurin wani lauya ɗan cocinmu a Sabon Tasha.

"Baba, da me kuka yi ginin?" in ji lauyan.

"Bulo da siminti," Baba ya amsa, har da gyara zama.

Lauyan ya dafe kai. "Kash! Da katako ne, da kun kwance abinku kun tafi da shi. Amma abin da ya kafu a ƙasa na mai ƙasa ne. Shi doka ke kira accession."

Raina ya ɓaci, na ce, "Barista, wace irin doka ce wannan? Wato mai aikin ha'inci ya tsira, mai aikin kirki ya tashi a tutar babu?"

"Ke, rufe mana baki," in ji Baba.

Ranar tashinmu na aro guduma, na rantse sai dai kowa ya rasa. Baba ya karɓe ta daga hannuna. Ya share ɗakin tas, ya ja ƙofa, ya miƙa makulli. Na yi kuka, kuma har da shi nake fushi.

Yanzu muna Narayi. Baba ya tsufa, ƙafa ta hana shi fita. Amma duk sa'ad da hadarin farkon damina ya haɗo, sai ya kira ni.

"Ki biya ta Makera, ki ce su share magudanar bayan ɗakin nan, kada ruwa ya ci mini bango."

An daɗe da rushe ɗakin, an jera shaguna a wurin. Na gani da idona. Sai in ce, "To, Baba, zan biya."