Ƙulli Bakwai a Igiyar Guga

Shekarar da na shiga aji uku na ƙaramar sakandare a Gwiwa, igiyar gugan gidanmu tana da ƙulli shida. Duk bazara ruwan rijiyarmu sai ya ƙara yin ƙasa, Baba ya samo guntuwar igiya ya ƙulla. Tafin hannuna ya san kowanne. Na farko kaba ce, na huɗu shuɗiyar leda, na shida kuwa tsohon gidan sauro aka tufka.

Inna ta riga ta faɗa mini, tana wanke-wanke, ko kallona ba ta yi ba: "Ranar da rijiyar nan ta ƙafe, ke za ki dinga zuwa famfon bakin kasuwa. Bayan nan nawa ba zai iya layi ba."

Layin famfon yakan kai hantsi. Ƙofar makaranta kuwa ƙarfe takwas ake rufe ta.

Baba laifin masu haƙar ma'adinai a bayan dutse yake gani, waɗanda injinansu ke wuni suna zuƙar ruwa ana wanke tsakuwa.

"Malam, ita daminar fa? Tun gero bai yi ido ba ta ɗauke," in ji Inna.

"Ai dole ki kare su, tunda ƙaninki na cikinsu."

"Yana ciki mana. Gonar ce ta ba shi abin sawa a baki?"

A makon ne malamar kimiyya ta rubuta "sauyin yanayi" a allo. Ta nuna mana hoton ƙanƙara tana narkewa a wata ƙasa mai nisa, ta ce wa ya taɓa ganin alamarsa da idonsa. Na duba kantar da ke hannuna. Wata ta miƙe ta ce, "Ƙanƙara tana narkewa, Malama." Aka tafa mata.

Ranar wata Asabar Baba ya yi ƙulli na bakwai. Na zura guga, na ji ya taɓa ƙasa da wani sauti busasshe. Da na jawo, laka ce rabin guga. Baba ya leƙa ya daɗe, sannan ya ɗora tsohon kwanon rufi a bakin rijiyar, ya danne da dutse.

Ba a yar da igiyar ba. Da ita nake ɗaure jarkoki huɗu a baro. Wajen ƙarfe goma nake wucewa ta bayan katangar makaranta, ina jin 'yan ajinmu suna amsa wa Malama baki ɗaya.