Kifin Lagdo da Kujerar da Ban Zauna Ba

Shekarun baya, shekarar da kogin Binuwai ya cika har kwale-kwale ya riƙa shiga lungunan wasu unguwanni a Garwa, ruwa ya tare mahaifiyata a gidan biki. Da kwale-kwale aka fito da ita. Na je tarbarta hankalina a tashe, sai na same ta tana dariya.

"Wannan ne jirgi?" in ji ta. "Wannan ai akushi ne."

A hanyarmu ta komawa gida ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Tana yarinya tana kai tallan ƙosai bakin tashar jiragen ruwa, lokacin da manyan jirage ke hawowa da damina su ɗauki auduga da gyaɗa. Ta ce abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne mutanen da ke zaune a sama kan kujeru, ba sa dako, ba sa ciniki, ruwa kawai suke kallo. Ta ce, "Ni dai ban taɓa hawa ruwa don daɗi ba, sai don dole."

A lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani, kuma mun san abin gaba yake yi. A ranar na ƙudura sai ta zauna kan kujera ta kalli ruwa tun tana gani.

Ni mai gyaran babur ne a unguwar Pumpumre. A shekarar ne kuma na shiga lakol, wato makarantar yamma ta manya, da furfurata, ina koyon haɗa baƙi da lissafi. Abokina direba ne, yana ɗauko kifi daga tafkin Lagdo. Shi ya ba ni labarin wani mai jirgi mai rumfa da kujeru, yana zagayawa da baƙi cikin tafkin, a kwana a tsibiri, washegari a dawo. Kowane mutum da kuɗin kujerarsa. Da ya faɗi kuɗin na ce ai wannan da sauƙi.

Abokina ya ce, "Kai dai ba ka taɓa fita yawo ba. Kuɗin jirgin shi ne ƙaramin. Mota fa? Daga nan zuwa Ngong, daga Ngong zuwa bakin ruwa? Rigar ruwa da suke kira jile haya ce. Abinci daban. Ɗakin kwana daban. In mai ya tashi, kai za a ɗora wa."

Ban yi fushi ba, na ce ya sake faɗa a hankali. Na kai maganar lakol, madam ɗin da ke koya mana ta mayar da ita darasin ranar. Muka jera komai a allo, dattawa goma sha wani abu suna taya ni tarawa, wani yana cewa na manta goro, wani yana cewa na manta maganin ƙafa. Duk na sa. Sannan matata ta tuna mini cewa tsohuwa ba ta kwana a wani wuri babu mace kusa da ita, sai na ƙara kujerar Yafendo, ƙanwar mahaifiyata. Kujera uku ke nan. Har na ware wani abu na ko-ta-kwana.

Na shiga adashi. Na daina shayin safe a waje. Aka yi sallah biyu ban ɗinka sabon kaya ba. Sau ɗaya kuɗin sun kusa cika, ɗana ya yi zazzaɓi, na koma baya, na sake farawa. Fiye da shekara na yi ina tarawa. Ranar da suka cika na ce wa abokina, "Yanzu babu abin da zai ba ni mamaki a tafiyar nan." Ya dube ni ya ce Allah ya sa.

Ana saura 'yan kwanaki, mahaifiyata ta ɗaura zanen fitarta ta shiga unguwa yin sallama. Na gan ta tana fita da safe tana dawowa da la'asar, na ce a raina tsohuwa tana murna ne. Na ma ji maƙwabciyarmu tana cewa ta kan katanga, "Allah ya kiyaye hanya, Inna, a gaishe mana da kifi!" Na yi dariya na ci gaba da ɗaure ƙafar babur. Ni da aka haifa a unguwar nan, na ji wannan magana ban gane ba.

Muka isa Lagdo da hantsi. Jirgin yana nan kamar yadda abokina ya faɗa, rumfa shuɗiya, kujeru a jere, wasu baƙi daga kudu har sun zauna suna ɗaukar hoto. Na juya in kama hannun mahaifiyata, sai na ga ba ta nan. Ita da Yafendo sun nufi rumfunan masu banda.

Na same ta tana shinshina kifi tana taya wata mata. Na ce, "Inna, jirgi yana jira."

"Bari mu fara gama tsaraba, Babana. Gobe ba mu san ko za a samu mai kyau ba."

Haka take kirana, don sunan mahaifinta gare ni. Na ce, "Tsarabar gida ai na sa ta a lissafi."

"Gida ɗaya na yi wa sallama?"

Ta fara lissafo su da yatsu: gidan liman, gidan surukaina, gidan mai niƙa, matar da ta kawo mata tabarmar tafiya, matar da ta ba ta dala ashirin ta sha ruwa a hanya. Yatsun hannu suka ƙare, ta ari na Yafendo. Gida ashirin da uku. Kuma wanda ya je Lagdo ba ya kai alewa. Kifi ake kaiwa, mai girman da in an buɗe ba za a ji kunya ba.

Na yi lissafin a ka, na sake yi a ƙasa da tsinke. Kuɗin ko-ta-kwana bai kai rabi ba.

Na ce, "Inna, kuɗin nan na jirgi ne. In muka koma sai mu ba su haƙuri."

Ta ajiye kifin a hankali. "To a bar jirgin. Na gan shi, yana da kyau, ya isa. Amma in shiga unguwa hannu sake, bayan na bi gida gida? Da wane ido?"

Yafendo ta ce, "Ɗan lakol ke nan. An tara tsofaffi an cika allo, an manta mutane."

Na san mahaifiyata. Ba barazana take yi ba, da gaske za ta koma mota ta zauna. Mai jirgi kuma ya fara kira, yana haɗa Fulatanci da Faransanci, wai rana tana yi. Na tsaya tsakanin rumfar kifi da bakin ruwa, na ce a raina fiye da shekara na yi ina tara kuɗin nan, ba zan mayar da ita gida da labarin jirgin da ta gani daga nesa ba. Tun tana yarinya daga nesa take gani.

Na je wurin mai jirgi na ce kujera biyu nake so, ba uku ba. Na cire kuɗin kujerata, da na jile, da na abincina, da na ɗakina. Na duba, da saura kaɗan. Wani mai shago a bakin tashar ya sayi wayata, ya taya ta kamar yana yi mini alfarma.

Da na dawo mahaifiyata ta ce, "Kai fa?"

Na san in na faɗi gaskiya ba za ta hau ba. Na ce, "Inna, da na ga girman ruwan nan gabana ya faɗi. Ba zan iya ba."

Yafendo ta tafa hannu. "Lā ilāha! Ƙato da gemu! Ɗan bakin Binuwai yana tsoron ruwa!" Har baƙin kudu sai da suka juyo.

Mahaifiyata ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana dubana da idon nan nata mai yana, sannan ta ce, "To ka zaɓi masu kauri. Na gidan liman ya fi na kowa." Ta miƙo hannu na hawar da ita. Na ɗaura mata jile, na zaunar da ita a kujerar gaba. Jirgin ya tashi tana zaune ƙyam, hannuwa a cinya, ba ta waiwayo ba.

Ni kuwa na wuni ina ciniki rumfa rumfa, ina ƙulla kifi kashi ashirin da uku. Na kwana a motar wani direba, abokin abokina. Washegari da suka dawo, fuskarta ta yi ja da rana, tana ta magana kamar yarinya: duwatsu a tsakiyar ruwa, tsuntsaye farare, dorina ta ɗago kai can nesa. Ta ce an kawo mata shayi tana zaune ba ta yi aikin komai ba. Yafendo kuwa ta sauko da takalmi ƙafa ɗaya, ɗayan ya tafi ruwa lokacin da ta leƙa ganin dorinar.

Damina biyu bayan nan idon mahaifiyata ya rufe. Har ta rasu, in an zauna hira sai ta kawo duwatsun nan da tsuntsayen, tana kwatanta su da hannu. Ba ta taɓa tambayata maganar tsoron ruwa ba, ni ma ban taɓa tayarwa ba.

Yanzu in wani ya zo mini da shirin tafiya, nakan bar shi ya gama jera mota da masauki da abinci, sannan in tambaye shi gida nawa za a yi wa sallama. Mu a nan, mutum ba ya tafiya shi kaɗai ko da shi kaɗai ya hau mota. Ban yi nadama ba. Abin da na ƙudura shi ne ta hau, kuma ta hau.

Abin da tafiyar ta ci mini bayan lissafin allo: kujera ɗaya, waya ɗaya, takalmin Yafendo ƙafa ɗaya wanda ni na biya, da sunana a unguwa, don har yau in hadari ya haɗo yara sukan ce in shige ɗaki kada ruwa ya tafi da ni.